Gardabun da Muka Yanka Saboda 'Yar Fari

Shekarun baya, tun yawancinku masu latsa waya ba a yanke muku cibiya ba, ƙasarmu ta shiga rigimar dimokuraɗiyya. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, jibi a ce kowa ya zauna gida. Ni ina Zongon Sokode da wata tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, ina jigilar doya. Matata kuwa tana Dapaong gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki, haihuwar fari.

Wani direban babbar mota da ya gangaro daga Sinkase, ya biyo ta Dapaong, ya kawo labari: ta sauka, an sami mace, amma ta sha wuya. Na ce wuya kamar yaya? Ya ce shi ba ungozoma ba ne. Gidan waya a rufe, ba wanda zan tambaya.

Ku 'yan zamani ba ku san wannan ba: a wurinmu namiji ba ya nuna ɗoki a kan ɗan fari. Ba ka tambaya, ba ka ɗauka, ko sunan ba ka faɗa. Saboda haka na shiga wurin mahaifiyata da fuskar dattako na ce, "Inna, an ce albasa ta yi araha a Dapaong."

"Da daminar nan?" in ji ta. "To, Allah ya ba da sa'a. Zauna mana, tun ɗazu kake zagaya min turmi."

Ban zauna ba. Babban titi duk shinge ne, direbobi sun ce sai an riƙa ratsawa ta daji, daji kuwa laka. Tayoyina sun suɗe kamar kan limaminmu, sababbi kuma babu, samari sun ƙone na garin a kan titi. Da ƙyar abokina, mai bugun jikin mota, ya tono min wasu manya masu haƙora, na wata motar daji da ta mutu a garejinsa. Muka ɗaura, suka ƙi juyawa. Suna gogar gardabu, ƙarfen nan da ke rufe saman taya.

"Angon ƙarni, sai an yanka," in ji abokina.

"Yanka me?"

"Motar. In kuma kana jin tausayinta, ka tafi da ƙafa."

Ni da na yi lekol, wato makarantar boko, har na iya rubuta sunana ba tare da na fito da harshe ba, ni na karɓi alli na zana layi, na bar tazarar yatsu uku. Babu wuta, da zarton ƙarfe muka yanka, ina tsaye a kansa ina cewa ya yi sauri. Da muka gama, muka yi gwaji irin na masana: abokina ya hau baya ya yi tsalle. Ko taɓawa! Muka tafa. Sai dai abokin nan nawa, in ya tsaya a bayan tsintsiya ba ka ganinsa.

Da safe na fito na tarar da mahaifiyata a gidan gaba. Baya kuwa ga gwaggona, ga maƙwabta mata, ga ragon suna, ga buhun shinkafa, ga itacen wankan jego an ɗaure shi kamar za a gina rumfa. A Zongo mota ba ta tafiya suna da iska a bayanta, kowa ya san haka. Mu biyu ne kawai muka manta. Bashe ta durƙusa. Abokina ya dubi tayoyin, ya dube ni, ya koma ya ɗauko zarto da guduma ya hau.

Muna sauka daga kwalta bayan Bafilo, ramin farko na ji ƙiiit! Na biyu ma haka. Sai ƙaurin roba. Na tsaya na leƙa, bakin ƙarfen da muka yanka yana feren tayar baya kamar doya. Safaya irinta babu. In ta fashe, a dajin nan za a ci sunan, babu mai jego babu jaririya, ni kuma har yanzu ban san ko matata na iya tashi zaune ba.

Na ce, "Jama'a, sai an rage kaya."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ni ce kayan? Faɗa min in ji."

Rago ba ya raguwa, itace ba ya raguwa, Gwaggo kuwa ko a mafarki. Abokina ya ce to kowa ya zauna inda yake, a auna da gaske. Ya durƙusa da gawayi a hannu ya ce, "Gwaggo, don Allah ɗan motsa." Ta motsa. Mota ta yi ƙara, shi kuma ya ja layi. Muka sauke komai, muka yanka, muka lanƙwashe bakin da guduma, muka mayar. Ina bugu ina duban rana. Kowace guduma ji nake kamar ni ake jinkirtawa da gangan.

Kusa da Mango muka ci karo da shingen samari. Ɗaya ya shafa tayar gaba ya ce, "Yaya, wannan za ta yi hayaƙi mai kyau." Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Jego za mu, kai ma wata ta sha wuyarka. Janye itacen nan." Ya janye, har da sannu Mama.

A Mango muka kwana. Muka shiga Dapaong malamai na zama kan tabarmi. Aka yi addu'a, aka yanka rago, mata suka shige ciki, ba wadda ta waiwayo ni. Ni ina waje ina yi wa surukina bayanin tayoyi, kunnuwana na cikin gida. Tambaya ɗaya ce a bakina, kuma ita ce ba ta halatta.

Can sai ga Gwaggo da abu a naɗe cikin zane. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tsaya jikin mota, daidai hancina, ta buɗe fuskar ta ce, "Ke, zo ki ga ɓarnar da aka yi saboda ke." Sannan ta ɗaga murya, wai da jaririyar take: "Uwarki can ta share kwanon tuwo tana neman ƙari."

Na sunkuya ina duba yankan gardabu. Na daɗe ina duba shi, don yankan yana buƙatar dubawa sosai, kuma wani abu ya faɗa min a ido.

Yau yarinyar nan tana da 'ya'yanta, har yanzu ban taɓa kiran sunanta ba. In na ce "ke" ta san da ita nake. Amma ko a titi na ji taya na gogar ƙarfe, sai in ji kamar akwai inda ake jirana ban isa ba.

Ku kuma masu saka wa motoci manyan tayoyi don a gan ku, ga ilimi kyauta daga tsohon ɗan lekol: lissafina daidai yake, har gobe ina kan bakana. Kawai dai kafin ku ja layi, ku fara sa gwaggonku a baya.