Kwashe Leda da Yara

Yelwa zuwa Wara

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Laraba na fito, Inna tana biye da ni har ƙofa tana tambaya ko ledar Yelwa ta ƙare ne da zan tafi nemanta a ƙauye. Ni malamar ajin ƙananan yara ce, duk mako nakan fita da su mu tsince ledar ruwa a bayan makaranta. Malam Sani, wanda muka yi kwalejin malamai tare, yana koyarwa a wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, kuma ya daɗe yana roƙon in zo in nuna wa ɗalibansa. Waya ba ta shiga garinsu, sai na ba wani mai fataucin kifi saƙo: a gaya masa ina tafe ranar Laraba mu kwashe leda da yara.

Kayana buhuna goma ne babu komai ciki, da igiyar ɗaure su, da gwangwanin alewa. Motar ta tashi shida da minti ashirin. Tun kafin mu bar gari na tsani direban, domin kowane minti biyar sai ya ɗaga waya ya ce, "Mun taso, muna bisa hanya." Wa yake ba rahoto? Na haddace lambar motar, na zauna a ɗarare. Sai da muka karkata hanyar Wara na gane matarsa ce, tana jiran buhun gero.

Ƙarfe takwas 'yan sa-kai suka tsayar da mu a shinge. Wani dogo ya zazzage buhunana, ya ɗaga igiyar, ya buɗe gwangwanin, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malama, mi za ki yi da wanga kaya?"

Na ce shara za mu tsinta. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗin mota don ya je ya share garin wasu ba. Katin aikina ne ya fitar da ni, amma na bar wurin da jin haushi.

Wara zuwa bakin ruwa

Mun sauka Wara tara saura kwata. Na karya da ƙosai da kunu, na jira jirgi har sha ɗaya. Mai jirgin dattijo ne marar magana. Da na faɗi sunan ƙauyen sai ya dubi buhunan, ya matsar da kwandon kifinsa nesa da ni. Na ce a raina wannan ma akwai abin da yake ɓoyewa. Minti hamsin muka yi a kan ruwa, ledoji da robobin lemo suna ta wuce mu.

Abin da ya fara tayar min da hankali da muka isa shi ne shiru. Garin masunta da tsakar rana, babu yaro ko ɗaya a bakin ruwa. Maza ne kawai a tsaye, wasu riƙe da sanduna. Malam Sani ya ratso su yana haɗa gumi.

"Malama Zainab, mi kinka aiko a ce?"

Na maimaita masa. Ya dafe kai. Ashe ranar da saƙon ya zo ba ya gari, sai mai kifin ya bar shi a bakin mutane. Ni leda na ce za mu kwashe, ni da yara. Su kuwa suka ji leda da yara za a kwashe. Kafin magariba ledar ma ta faɗi a hanya, abin da ya rage shi ne wata mata tana tafe Laraba ta kwashe yara. Kwana uku ke nan ba a tura ko ɗaya makaranta ba, kuma iyaye sun ce in Malam Sani ne ya kira ta, ya tattara ya bar musu gari.

Na so in yi dariya, amma ta ƙi zuwa. A ƙasarmu kowa ya san abin da "kwashe yara" ke nufi. Na dubi buhuna da igiya da alewar da na ɗauko, kunya ta rufe ni.

Kwana a ƙauyen

A gaban mai gari aka yi sharaɗi. Za a fito da yara gobe da safe, amma sai an cire injin jirgin da ya kawo ni, iyaye maza su riƙe buhunan, ni kuma in fara shan alewar a gaban kowa. Na amsa duka. Matar Malam Sani ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, ta kuma shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, ban tambaye ta ko ni take tsaro ko garin ba.

Alhamis

Ƙarfe takwas yara goma sha huɗu suka zo, kowane da mai riƙe da shi. Wata mata mai suna Hauwa'u ta ɗaure hannun 'yarta Asabe da gefen zanenta, ta ƙulle tamau. Na sha alewa uku, ana ƙirga min numfashi.

Na ɗaga ledar ruwa na tambayi yaran ina take zuwa in an jefar. Suka juya suna kallon iyayensu. Can Asabe ta ce cikin akuyarsu ta je, an gani da aka yanka ta. Wani ya ce ragar babansa ta fi kamo leda a kan kifi. Daga nan baki ya buɗe. Na nuna musu yadda ake yanke roba a shuka zogale a ciki, na ce musu ruwan nan da ƙasar nan su ne tukunyar da kowa ke ci daga ciki, ba a zuba shara a tukunya. Muka bi gaɓa muna tsinta, iyaye suna binmu da buhuna a buɗe.

Asabe ta hango wata baƙar leda tana lilo a bakin ruwa, ta ja za ta je wurinta, zanen ya tsayar da ita. Ta sake ja. Hauwa'u ta daɗe tana kallona, ni ma ban kau da ido ba. Sannan ta sunkuya ta kwance ƙullin da haƙori. Yarinyar ta ruga ta ɗauko ledar, ta kawo wa ni, ba uwarta ba. Saura kaɗan in yi kuka a gaban masunta.

Komawa

Da ƙarfe ɗaya aka mayar wa jirgin injinsa. Buhuna bakwai muka cika, Malam Sani ya ce zai ware robobin don shuka, kuma Litinin za a koma aji. Ina shiga jirgi Hauwa'u ta matso.

"In za ki komo, ki aiko a ce wurin Hauwa'u kika tahowa. Kak ki ambaci yara."

Na iso Yelwa shida da kwata, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Malam Sani da matarsa da suka sha zargi saboda bakina. Inna ta tambaya me na samo a can. Na ce wata uwa ta kwance min 'yarta.