Yadda Muka Yi wa Kanmu Shugaba a Hanyar Biu

Gombe

Ana idar da sallar Asuba muka bar Nasarawo, mu telolin layi ɗaya a Kasuwar Gombe, bas cike, za mu Biu yi wa abokin sana'armu Modu ta'aziyyar mahaifiyarsa. Shekarun da hanya ba daɗi ne. Direba ya ja mana kunne: in magariba ta yi ba mu dawo ba, sojoji za su rufe shingen shiga gari, sai kwanan daji. Ni kuwa na baro maiɗakina haihuwa yau ko gobe, hankalina duk yana gida.

A shingen fita gari aka sauke mu. Soja ya daka tsawa, "Wane ne shugaban motar nan?" Manyanmu masu tumbi kowa ya zuba wa takalminsa ido. Sai wani ya tura Buba gaba. Buba ɗan siriri ne, aikinsa sa maɓalli da guga, ba wanda ya taɓa neman shawararsa ko a kan launin zare. Ya yi bayani, aka ce mu wuce. Muka ɓarke da tafi, har Alhaji Sale, babbanmu, ya bar masa gidan gaba.

Dadin Kowa

Ƙamshin soyayyen kifi ya buge ni, na ce a ɗan tsaya in saya wa maiɗakina. Buba ko waiwayowa bai yi ba.

"Ba tsayawa. Kuma kowa ya miƙo wayarsa, saboda tsaro."

Wallahi muka miƙa, har da godiya. Tsoro ya cika mana ciki, daɗi muke ji an sami mai yi mana tunani.

Biu

Bayan addu'a aka kawo tuwo da miyar kuka, muka haɗa kwano da Buba. Na ce, "Buba, yau kai ne da gari."

Ya daɗe yana juya loma. "Malam Hamma, muna da yawa a gidanmu. In babanmu na rabon tsire, kowa da sunansa yake kiransa, in ya zo kaina sai ya ce, 'Kai, ungo.' Yau ne karo na farko da na yi magana aka yi shiru."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Kafin in sami abin cewa ya miƙe. "Kowa ya wanke hannu, mota!" Rabin tuwona na bari.

Komawa

Bayan Kwaya Kusar Alhaji Sale ya roƙi a tsaya ya kama ruwa.

Buba ya ce, "Alhaji, a daure. Ko akwai mai son kwanan daji?"

Alhaji ya matse ƙafa har Gombe.

Mun iso ana jan tayoyi za a toshe hanya, mu ne motar ƙarshe da ta shiga. Murna kamar mu ɗauki Buba a kafaɗa. Nan take, a cikin motar, muka naɗa shi shugaban ƙungiyar telolin layinmu. Na tarar da maiɗakina lafiya lau tana cin gyaɗa, ta tambaye ni ina kifinta. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa direba da mutanen Biu da alheri.

Hanya ta daɗe da yin lafiya, an kwashe shingen. Buba kuwa yana nan a kujera, ya yi tumbi, yanzu har lokacin kunna janareto sai da izininsa. Duk ranar da wani ya ta da zancen zaɓe, sai ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wa ya dawo da ku daga Biu?" Sai kowa ya sunkuyar da kai ya koma kan kekensa.