Garba Mai Bidiyo, Wanda Ya Kusa Hana Ni Aure

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita shago aka kira ni daga Tudun Wada, aka ce Garba Mai Bidiyo ya rasu. Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, na kasa sa ɗayan.

Yaran yanzu ba za ku san shi sosai ba. A zamanin kaset, duk biki ko suna daga Kiru har Riruwai, Garba za ka gani da ƙatuwar kyamara a kafaɗa. Ni tela ne, lokacin shagona yana jikin nasa a Tudun Wada. In kekena ya lalace, shi ke ɗaure shi a bayan babur ya kai Kano gyara. Da mahaifiyata ta kwanta jinya, kullum sai ya leƙa ya ba ta dariya.

Wata rana ya shigo shagona ya ce, "Sani, na gaji da ɗaukar mutane suna cin shinkafa. Fim za mu yi."

Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, kada wani ya je nema.

Labarin dai kun san shi ko ba ku gani ba. An sace wani Alhaji, iyali sun shiga tashin hankali, ana ta zargin juna, daga ƙarshe ashe ƙaninsa ne. Ɗanlami mahauci ya fito a ƙanin, da baƙin tabarau har a cikin ɗaka. Duk sanda ya shigo, sai Garba ya buga tasa a bayan kyamara don a ji tsoro. Ni kuma babban ɗan Alhaji ne, aikina kuka. Da albasa a aljihu nake yawo.

Aka nuna fim ɗin bayan la'asar a gidan kallon bakin tasha, an toshe tagogi da buhuna. Ɗanlami yana shigowa a fitowar farko, sai wani dattijon Bafulatani da ya shigo jiran mota ya miƙe ya ce, "To ai ga ɓarawon nan. Ku kama shi mu tafi."

Shi ke nan wuri ya lalace. In aka ji motsi a bayan ƙofa, sai jama'a su haɗa baki, "Kyanwa ce!" Kuma kyanwar ce. In aka shiga mota za a gudu, su ce, "Ba za ta tashi ba!" Kuma ta ƙi tashi.

Washegari a teburin mai shayi kowa ya zama masani. Malam Iro, malamin firamare, ya ce labarin ba shi da laifi, shi ya sa kowa shi yake yi. Wani masunci daga Tiga ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, Alhaji ya dawo daga hannun ɓarayi ya fi da ƙiba. Gaskiyarsa ce, don mun tsaya da aikin har aka gama kaka.

Garba yana zaune yana murmushi, har yana cewa a ƙara musu shayi. Ni na ɗauka ya haƙura.

Bayan kwana biyu ya kira ni. "Sa kayan fim ɗin nan, ka riƙe hular Alhaji ka yi dariya. Murnar dawowarsa za mu ƙara."

Na yi. Ya ce, "A'a, daga ciki. Buɗe baki sosai."

Na buɗe.

Lokacin ina neman auren Hadiza a garin Ƙofa. Da Garba ya sanar za a nuna sabon fim ɗin da aka gyara, na gayyato yayyenta biyu, na zaunar da su a bencin gaba, kusa da ni.

Aka zo ƙarshe. Ɗanlami ya cire tabarau yana rantsuwa ba shi ba ne. Sai aka buga tasa. Sai ga ni na cika talabijin, riƙe da hular ubana, ina wata irin dariya da ko ni ban san ina da ita ba. Muryar Garba ta biyo baya: "Ashe ɗan cikinsa ne."

Babban yayan Hadiza ya juyo ya dube ni, ya ɗan matsa.

Masu suka kuwa ba su huce ba. Malam Iro ya tuna wa jama'a cewa lokacin da aka sace Alhaji, an nuna ni kwance a asibiti da ƙarin ruwa. Ya ce, "Na farko mun san ƙarshensa tun daga farko. Wannan kuwa ko mai shi bai san yadda aka yi ba."

Kaset ya isa Ƙofa, Iya kakar Hadiza ta kalla. Iya ta ce wanda zai yi kuka haka, sannan ya yi dariya haka, ba za ta ba shi jikarta ba. Aka ce mata ai wasa ne. Ta ce, "To ai abin tsoron ke nan. Ya iya."

Na daina yi wa Garba magana. In ya yi sallama na amsa, na ci gaba da taka keke.

Ban sani ba, ashe ya ɗaure talabijin da bidiyo da ɗan janareta a babur ya tafi Ƙofa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, laifina ne, ga shaida na kawo." Ya sa mata ainihin kaset ɗin da ba a yanka ba. Ta ga ina zaro albasa ina murzawa a ido. Ta ji yana ce mini in buɗe baki, ni kuma ina tambaya, "Haka ya yi?"

Hadiza ta ce Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Da ta nutsu ta ce, "Ashe ba mugu ba ne, sakarai ne. Ku turo manya."

Shi ya ɗauki bikinmu, ya ce gudummawarsa ke nan. Bai ƙara yin fim ba, amma har ya tsufa bai yarda laifin labarin ba ne. Cewa yake mutanen Tudun Wada sun cika wayo.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bikin 'yata ne, bayan Babbar Sallah. Ya zo da sanda, ido ya yi rauni. Ya ga ana ɗauka da waya, ya ce ba haka ake riƙewa ba, a ba shi. Ya bi taro yana ɗauka yana ba da umarni, "Uban amarya, gyara hula. Ku matso ku matso." Bai san kyamarar gaba ya kunna ba. Ba amarya, ba ango, ba kowa. Fuskarsa ce kawai daga farko har ƙarshe, yana murmushi.

Ranar mun yi ta yi masa tsiya. Yau na tambayi iyalinsa, ashe duk cikin kaset ɗin da ya tara babu inda ya fito. Wannan ne kaɗai muke da shi. Na tura musu ɗazu.

Allah Ya jiƙanka Garba, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, musamman waɗanda ya ɗauki bikin iyayenku, ku sa shi a addu'a.