Lambar da ke Bayan Kwali

Makau bakaniken babur ne a bakin tashar Bukkuyum. Shekara goma sha tara yana kwance inji yana ɗaurawa, kuma abu guda sana'ar ta cusa masa a kai: kaya mai araha ba ya kai mutum gida.

A 2016 ciwon suga ya tasar wa mahaifiyarsa, Inna Tasalla, har idonta ya fara hazo. Likita a Anka ya rubuta mata wata ƙwaya ta ƙasar waje, magani biyu a haɗe. Ƙwayar ta karɓe ta, ido ya washe, ta koma tsince tsakuwar shinkafa da kanta. Sai farashi ya haura, daga baya maganin ya yi wuyar gani.

Ran da ƙwaya ta rage shida, Makau ya kasa zama. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya rufe rumfa, ya soka tsohon kwalin a aljihu, ya buga babur. Bukkuyum babu. A Anka shago ɗaya ke da shi, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Washegari ya nufi Gummi, kyamis biyar yana shiga yana fita, bai ko sha ruwa ba.

A na shida ya tarar da Mu'azu, wani dattijo mai tabarau. Mu'azu ya juya kwalin, ya miƙo masa wani farin kwali, ɗan Indiya, wanda kuɗinsa bai kai rabi ba.

Makau ya ture shi. "Baba, ni bakanike na. Na san jabu. Ba ni ɗaura wa Inna abin da ba ni ɗaura wa babur."

"To, maigida sarkin inji," in ji Mu'azu. "In ka zo sayen fulogi, launin kwali kaka dubi ko lamba?"

"Lamba."

"To mi ya hana ka dubi wagga?"

Ya nuna masa ƙananan sunaye biyu a ƙasan babban suna, da lambobin ƙarfin maganin. Karatun bokon Makau bai yi nisa ba, amma ido gare shi. Ya jera kwalayen, ya bi harafi bayan harafi da baƙin farcensa, sau biyu. Babu bambanci. Ya duba lambar hukumar magunguna, tana nan.

Ya saya, duk da haka bai ba Inna ba. Sai da ya sake komawa Anka ya nuna wa likitan, likita ya ce shi ne. Makau ya ce a ransa, wannan faɗa da baki ne. Inji sai an tayar ake sanin gyara.

Ya fara ba Inna maganin. Mako biyu yana leƙa gida sau uku a yini, yana tambayar Inna ko tana ganin kajin da ke bakin rijiya.

"Kai, Makau, tafi wurin aikinka. Kaji bakwai na, kai ne na takwas."

Ranar awo ya goya ta zuwa asibiti. Aka huda mata yatsa, na'ura ta nuna suga ya zauna inda yake lokacin tsohuwar ƙwayar.

Ran kasuwar Gummi ya koma kyamis ɗin ya sayi na wata biyu. Bai yi wata doguwar godiya ba. Da zai fita, ya ga babur ɗin Mu'azu a jingine, ya matsa birki, ya ji shi sakwaf. Ya tsuguna, ya ciro sifana.