Hannun Hagun Yayata

Ni da yayata mun yi aiki a wani shagon atamfa a unguwar Mandawari, gidan sama ne. A ƙasa muke sayar da yadi, sama kuwa Hajiya mai shagon ta shimfiɗa kafet, can ake kai manyan baƙi su zaɓi leshi. Ba a taka kafet ɗin Hajiya da takalmi, ga matakalar ƙunci gare ta, sai kowa ya tuɓe ya bari a inda ƙafarsa ta tsaya. Mu dai ladabi muka ɗauke shi, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa.

Lokacin yayata na da tsohon ciki, bayan ɓarin da ta sha yi. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar ɗaukar kayan nan," har bakina ya gaji. Ita kuwa kunnen ƙashi: "Ke tafi can, ciki ai ba ciwo ba ne."

Wata rana masu haɗa lefe suka cika sama. Yayata ta sauko rungume da turamen atamfa har haɓa, ba ta ganin gabanta. Ina gindin matakala na ga ta taka wani takalmi mai tsini. Salati kawai na iya yi.

Rub da ciki za ta faɗo. Sai ta watsar da atamfar, ta murɗa jikinta kafin ta kai ƙasa, macen da sai an kama ta take tashi daga tabarma! Hannun hagu ta tara. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Ko ihu ba ta yi ba. Ta dafe cikinta da hannun dama. Hajiya na kuka, mata na ta sannu, ita ba ta jin kowa. Can ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya motsa."

Ɗorin da aka yi mata bai zauna daidai ba, hannun ya karkace, ba ya kaiwa kanta. Na sha tambayarta yadda aka yi ta juya. Ta ce ita ba ta ma san ta juya ba, ikon Allah ne.

'Yar da ta haifa ce ke ɗaura mata ɗankwali yanzu kullum da safe, tana tsokanarta: "Umma, wannan hannun naki malalaci ne." Yayata sai dai ta yi dariya. Ta hana mu gaya wa yarinyar dalili.