Firiji Mai Madubi A Ɗakin Mai Takaba

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare, akwai wani firiji a gidanmu na Kwarbai da na tabbata ya girme ni. Cikinsa lafiya lau, yana ƙanƙara kamar mai jin haushin ruwa, amma jikinsa tsatsa ta gama da shi. In ka ja ƙofar da ƙarfi sai ɓarɓashi ya zubo maka a ƙafa. Nakan ce wa ƙawayena mu da tsintsiya muke shan ruwan sanyi. Da shi mahaifiyata take yin zoɓo da ƙanƙara, yaran unguwa na ta sallama daga hantsi har la'asar.

Wata Asabar mahaifina ya sa aka tura shi a amalanke zuwa wurin wani mai gyara a Gyallesu. Ni kuwa na dinga naci har ya gaji ya ɗora ni a bayan babur ɗinsa. Mai gyaran dattijo ne, ya ce injin bai da matsala, riga kawai za a canja masa. Yana da fallayen silba, irin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da ya samo daga kicin ɗin wani otal da aka rushe a Kaduna. Ya jingina falle biyu a bango ya ce a zaɓa.

“Malam, wannan mai layi ne,” ya ce, yana shafa na farko. “Ka duba da kyau, an goge shi da siraran layuka, duk sun bi hanya ɗaya. Ba ya nuna hannu, ba ya nuna ƙarzuwa. Wancan kuwa madubi ne. Kyau kam akwai, amma ko ƙuda ya sauka sai ka ga sawunsa. Gidan yara ne?”

Mahaifina ya ce, “Su uku ne, amma wannan ita kaɗai a bakin biyar take.”

Ni a lokacin ba na tare da su. Ina tsaye gaban falle na biyu, na ga kaina tun daga ɗankwali har silifa, karo na farko a rayuwata. Madubin gidanmu bai wuce tafin hannu ba, sai dai ka ga ido ɗaya yau, gobe ka dawo ka ga ɗayan. Na juya dama, na juya hagu, na yi wa kaina gwalo. Nan take na fara rantse-rantse. Na ce zan riƙa goge shi safe da yamma, na ce zan daina tsokanar ƙannena, har na ce zan daina surutu, abin da ko ni ban yarda da shi ba.

Mahaifina ya taso ya tsaya a bayana. Ya kalli kansa, ya gyara hularsa, ya ce, “Ashe haka take zama a karkace, ba wanda ya taɓa gaya mini.” Sannan ya ce wa dattijon ya sa madubin.

“Malam, shawara fa na ba ka.”

“Na ji, kuma na gode. Amma ita ce mai gugar, a bar ta ta zaɓi wahalarta.”

Aka ce mu dawo bayan mako uku. A mako na biyu zazzaɓi ya kama mahaifina. Kwanansa uku a asibiti Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan iya ba da labarin kwanakin nan ba, don ban riƙe su ba. Abin da na riƙe shi ne, kwana biyu bayan sadakar bakwai, aka yi sallama a zaure, sai ga dattijon nan da amalanke. Ya yi ta'aziyya, ya sa aka shigo da firijin har rumfar ɗakin mahaifiyata, ya tafi bai ko sha ruwa ba. Da aka yaye buhun da aka lulluɓe shi da shi, sai ga tsakar gidanmu gaba ɗaya a jikinsa: igiyar shanya, randa, mata masu zaman makoki, kowa da carbinsa.

A nan Gwaggo ta miƙe. Gwaggo yayar mahaifina ce, a Ƙofar Gayan take, kullum da safe takan zo ta zauna da mahaifiyata. Ta yi takaba sau biyu, ta san dokokinta kamar ita ta kafa su. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita. Ƙaramin madubin nan ma tun ranar farko ta jefa shi a jakarta.

Ta ce, “Wane ne ya shigo wa mai takaba da madubi har ƙofar ɗaki? Ke, kauda kanki. A kawo zane.”

Aka rufe shi da wani tsohon zanen gado. To amma zane ba ya zama a kan silba mai santsi. Ka buɗe ƙofa ya zame, iska ta kaɗa ya zame. Ƙannena kuma, da ba su gama gane abin da ya same mu ba, sai su ɗaga gefe su riƙa yi wa kansu fuska. Mahaifiyata ta koma yin zoɓonta bayan arba'in, don gida sai da cefane, kuma duk sanda za ta buɗe firijin sai ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Ina kallonta, ina sane da cewa ni na jawo mata.

Ranar wata Laraba zanen ya faɗi daidai lokacin da ta kama ƙofar, Gwaggo na zaune a tabarma. Mahaifiyata ta rufe ido ta tsaya a haka, ƙullin ƙanƙara na ɗiga a hannunta.

Gwaggo ta ce, “Wannan abu ba zai yiwu ba. Jibi Juma'a zan zo da mai amalanke, a kai shi gidana ya zauna har ki fita.”

Mahaifiyata ta sunkuya ta ɗauki zanen. Mai takaba ba ta jayayya da dangin miji, balle ita da ko da can ba ta iya ba. Amma ni na san gidan Gwaggo. Turminmu ya tafi can aron suna, jaririn da aka raɗa wa sunan har ya shiga firamare, turmi bai dawo ba. Ba mugunta ba ce, hannunta ne ba ya sakin abu. In firijin nan ya fita, sana'ar mahaifiyata ta tsaya, kuma abu na ƙarshe da mahaifina ya taɓa zaɓa wa gidan nan ya tafi ke nan.

Sai na yi abin da na fi iyawa, wato yanke shawara ban tambayi kowa ba. Na ce a raina, ai dattijon ya ce mai layi goge shi aka yi. In guga ce, wa ya fi ni? Ni ce mai wanke tukwanen gidan nan.

Ranar Alhamis bayan azahar, Gwaggo ta koma gida, ƙannena sun tafi makarantar allo, mahaifiyata ta shiga uwar ɗaka ta kwanta. Na ɗauko soson ƙarfe, na kwaɓa toka da yashi a kwano, na cire zanen. Na daɗe tsaye da soson a hannu. Ga ni dai a ciki kamar ranar nan, ɗankwali har silifa, amma bayana ba kowa sai igiyar shanya. Sai a lokacin na tuna cewa a jikin wannan fallen na ga mahaifina a bayana yana cikin lafiyarsa, yana gyara hula. Na sa soson daidai fuskata na murza.

Ƙarar da ya yi ta shiga mini har haƙori. Na tsaya ina jiran a kira ni. Shiru. Na ci gaba.

Layin da dattijon ya nuna mana miƙaƙƙe ne, siriri kamar zaren ɗinki. Ni kuwa hannuna bai san wani aiki ba sai gindin tukunya, saboda haka kewaye na dinga yi. Na goge ƙofa, na goge gefe da gefe, ina hawaye ina jan majina, yatsuna suka tsattsage toka na shiga. Da na ja da baya na duba, sai na ga kamar kaji ɗari sun yi tono a jikinsa. Amma ba ya nuna kowa. Inuwa kawai, dishi-dishi. Na mayar da zanen, na wanke hannu, na zauna kamar mutuniyar kirki.

Juma'a da hantsi Gwaggo ta iso, mai amalanke na jira a waje. Ta ja zanen, ta yi salati, ta sake yin wani. Ba ta ma tambayi wanda ya yi ba, ni ta kalla.

“Ke wace irin yarinya ce? Kayan marayu kika lalata haka?”

Na ce, “Gwaggo, ai ni ce marainiyar.”

Ban san sanda ta fita daga bakina ba. Ta aika a kira Baffa, wan mahaifina, wanda ke ba da karatu a zauren gidan. Ya yi sallama ya shigo, littafinsa a hannu da yatsa a tsakiya. Ya dubi firijin, ya dube ni, ya ce in faɗa masa dalili. Na faɗa masa duka, ina sheshsheƙa.

Sai ya juya wurin Gwaggo ya ce, “Yaya, wa ya ce mai takaba ba ta kallon madubi?”

“Haka muka taras.”

“Ado aka hana ta, da fita ba dalili. Madubi kam ban gan shi a littafi ba. Wata biyu kuna fama da zane, ina zaure, taku goma, ba wadda ta leƙo ta tambaya?”

Gwaggo ta ce, “Yaushe maza suka fara shiga zancen takaba? Kai ka taɓa yi ne?”

Baffa ya mayar da idonsa kan littafinsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Ashe tambaya ɗaya ce tsakanina da abin da na aikata. Na ɓata aikin dattijo, na ɓata zaɓin mahaifina, a kan dokar da babu ita.

Sai muka ji muryar mahaifiyata daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. “Yaya, tunda yanzu ba ya nuna kowa, a bar shi inda mai shi ya so a ajiye.”

Tun rasuwar ba ta taɓa neman wani abu da bakinta ba sai ranar.  Gwaggo ta gyara mayafi ta ce a sallami mai amalanke, kuma a ba shi ruwa, tunda an tsayar da bawan Allah a rana.

Da gidan ya watse mahaifiyata ta fito. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yaba mini a gaban kowa, ko a bayan kowa ma. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi tsagar yatsun, ta sake shi.

Ta ce, “Jiya ina jin ki tun daga farko.”

Na ce, “Umma, Baffa ya ce babu a littafi.”

“Na sani. A gaban mahaifina na yi karatu.”

“To me ya sa kike sunkuyar da kai?”

Na sunkuyar da kai, na ɗauka na yi rashin kunya. Sannan ta ce, “Ba don Gwaggonku ba ne. Ban shirya ganin matar da ke ciki ba.”

Ta nuna saman ƙofar da haɓa, ba ta ɗaga ido ba. Na duba. Ashe akwai wurin da hannuna bai kai ba, faɗin tafi ɗaya, yana nan da sheƙinsa, daidai tsayin fuskarta.

Ta ce, “Ɗauko kujera. Kin bar sama.”

Na hau kujera na ƙarasa, tana riƙe mini kwanon tokar.

Yanzu shekara huɗu ke nan, ina shirin gama makaranta. Firijin na nan a rumfa, kuma har yau bai yi tsatsa ko ɗigo ba, dattijon bai yi ƙarya ba. Baƙi kan tambaya me ya same shi, ni kuma nakan ce kura ce ta shigo neman zoɓo. In wata ƙawata ta ce za a saya musu firiji, nakan ce ta zaɓi mai layi, in jero mata dalilan dattijon kamar ni na gano su.

Na koyi yin tambaya kafin in ɗauki soso, ko da yake ba kullum nake tunawa ba. Abin da ya fi zauna mini shi ne, na zaci ina kare mahaifiyata ne daga Gwaggo, ban san abin da take gudu ba ya cikin abin da Baffa zai iya warwarewa da littafi. Ta fita takaba, ta sa kwalli, Gwaggo ma ta dawo da ƙaramin madubin, abin da har yau nake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi. Amma ba ta taɓa cewa a canja wa firijin riga ba. Da Baffa ya yi tayin a mayar da shi Gyallesu a sa sabon falle, cewa ta yi a bar shi, aikin mutum biyu ne a jikinsa, wanda ya zaɓa da wadda ta goge. Allah ya jiƙan na farkon.