Wanzamin da Ya Tambayi Bawa

Haliru wanzami ne a Diggi, shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki. Mutum ne mai son hira, ba ya barin kowa ya tashi daga gabansa bai ji lafiyar gidansu ba.

Wata ranar kasuwa yana yi wa Bawa aski, wani saurayi ɗan maƙwabcinsa, sai ya ga tabo ja-ja a ƙeyarsa. Ya latsa wurin, Bawa bai ji ba. Haliru ya san kuturta ce, ya kuma gane yaron ya riga shi sani, don ya daina zuwa dandali, har ya kyautar da garmarsa.

"Bawa," in ji shi a hankali, "kana tunanin kashe kanka ne?"

Hawaye suka zubo wa Bawa. "Baba, wa zai ƙara cin tuwo da ni?"

"Ni, kuma yau ɗin nan."

Haliru ya naɗe zabirarsa ta kayan aski, ya ja shi gida, suka sa hannu a akushi ɗaya. Da yardar Bawa, Haliru ya gaya wa mahaifin yaron, aka daina barinsa shi kaɗai. Kowane mako yakan raka shi garin Kalgo karɓar ƙwayar magani.

Wasu sun ƙaurace wa askin Haliru, bai damu ba. Yatsun Bawa biyu sun ƙandare, amma cutar ta tsaya. Ya yi aure, ya yi noma har tsufansa.